Ba a Rufe Murfi Sai Kowa Ya Shiga

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga babban ɗana, mai sunan Baba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka sauka Paris lafiya, ka iske Kawunka Abdu da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa ka shiga garin da ƙafar dama, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya raba ka da sharrin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Uwarka tana gaishe ka. Ƙanwarka Hadiza ma tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka ta riga ta gaje ɗakinka, kada ka yi gaggawar dawowa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, alhali ga salula a aljihun kowa. Ai ka san ni da waya: lafiya, lafiya, ga uwarka. Kuma da gangan na rubuta da Hausa. Faransanci a bakina harshen aiki ne, da shi aka ba ni umarni, da shi na ba wasu, ban taɓa koyon lallashi da shi ba. Inda ka kakare ka karanta a bayyane, don kunnenka ya fi idonka jin Hausa. Sai dai kada ka kai wa Kawunka ya karanta maka. Ka san bakinsa, kafin Juma'a duk 'yan Damagaram na unguwarsa ta Aubervilliers sun haddace ta.

Abin da ya zaunar da ni rubutu wata magana ce da na ji, wadda ba don kunnena aka yi ta ba. Ana gobe za ka tafi, kana kicin kai da uwarka tana ɗaure maka kilishi da yaji, ni kuma ina falo kun ɗauka barci nake. Ta ce ka zo ka yi mini sallama ta kirki. Sai ka ce mata, da Faransancin nan naka mai sauri, "Mama, mutumin da bai taɓa kiran sunana ba, me zan ce masa? Hadiza yana kiranta daga safe har dare. Ni kuwa daga 'kai' sai 'yaron nan'." Ta ce ka yi shiru, al'ada ce. Ka ce ka san al'adar, an sha faɗa maka, amma abin da ka gani a Lyon ranar taron 'yan jirgi ba al'ada ba ce, uba ne ya ƙi nuna ɗansa a gaban abokansa Turawa, kamar wani abin ɓoyewa.

Washegari na raka ka tasha, na riƙe maka jaka, na ce ka lura da aljihunka, jirgin ƙasa ya tashi. Iyakar abin da na iya ke nan. Tun ranar ban ƙara jin daɗin barci ba.

Akwai kuma wani abu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ya ce jijiyoyin da ke kai wa zuciyata jini sun toshe, sai an buɗe ƙirji an yi aiki, nan da ƙarshen wata. Ya ce aiki ne da suka saba yi. Na san irin wannan magana, don ni ma na sha faɗa wa sababbin shiga jirginmu na ƙarƙashin ruwa cewa nutsewa ba komai ba ce, ina faɗa ina satar kallon agogon zurfi. Na hana uwarka gaya maka, wai kada in tayar maka da hankali kana fara sabon aiki. Yanzu na ga wannan ma tsohon halina ne ya sake riga. Ina jin tsoro. Ba mutuwar ce ta fi tsorata ni ba, ita tana hannun Allah. Abin da ke hana ni barci shi ne a kwantar da ni a kan gadon nan kana can kana ɗauke da maganar da ka faɗa a kicin.

To, bari in fara daga inda shirun ya samo asali.

Ka san Baba, mahaifina, tsohon sojan Faransa ne, ta dalilinsa muka sami takardun ƙasar nan, shi ya kawo ni ina saurayi. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba, sai ga ni a sojan ruwa, kuma ba a saman ruwan ba, a ƙarƙashinsa. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce ɗan tudu ya tafi neman suna wajen kifi. Jirgin da na fi daɗewa a ciki muna ce masa Tsohuwa, don tun a lokacin ta kwana biyu. Ni a ɗakin inji nake, cikin zafi da warin mai. Warin nan ya bi ni har gida, uwarka ta sha wanke kayana daban.

A cikin irin wannan jirgi shiru rai ne. In aka ba da umarnin shiru, kowa zai cire takalmi, cokali ba ya taɓa kofi, ko tari sai ka cusa fuska a hannun riga, don ƙarar ƙarfe ɗaya da ya faɗi tana tafiya nesa cikin ruwa, mai neman ku ya ji. Na ƙware a wannan har ana misali da ni. Da na tuɓe kaki na dawo Vaulx-en-Velin, nan gefen Lyon, na zauna tare da ku, sai na shigo da shirun cikin gida kamar wani kayan gado. Amma rabin darasin na ɗauko. Ɗaya rabin shi ne, duk tsananin shirun da aka sa, in ka ga ɗigon ruwa yana shigowa ta inda bai kamata ba, dole ka faɗa nan take, ko da kai ne ka jawo shi. Wanda ya ga yoyo ya yi shiru don kada a ce ya cika tsoro, shi ne mai kashe mutane. Ni na ga yoyo a tsakanina da kai shekara da shekaru, na sa ƙafa na take wurin.

Don haka ka ji shawarata ta farko, ko da yake mai ba da ita bai bi ta ba. In ba ka da lafiya, ka faɗa. In aikin ya yi maka nauyi, ko wani a ofis ya sa ka a gaba, ko ka wayi gari ka ji garin nan ya yi maka faɗi, ka kira uwarka, ka kira Kawunka, ka kira ni in ka ga dama. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma ba rumbu ba ne. Kai ma kana da shirun nan, na gan shi a fuskarka tun kana ƙarami, kuma na san inda ka samo shi.

Akwai abin da ban taɓa ba ka labari ba game da sunanka. Lokacin da Baba ya tsufa ya koma Damagaram, ya ce ba zai mutu a ƙasar sanyi ba. Ya rasu muna ƙarƙashin ruwa. Dokar aikinmu ita ce ba a gaya wa mutum mummunan labari yana can ƙasa, tunda ba abin da zai iya yi, kuma hankalinsa ake bukata. Kumandan ya riƙe saƙon har muka dawo bakin gaɓa. Makonni na yi ina ci ina sha, ina wasan karta, ina tsokanar mutane, Baba yana cikin ƙasa. Ban sallace shi ba, ban zuba masa ƙasa ba. Bayan 'yan watanni aka haife ka, na ce a sa maka sunansa. To ka ga, kai ɗan fari ne, wanda a wurinmu uba ba ya kama sunansa, ga shi kuma sunan mahaifina, wanda ɗa ba ya kamawa. Ƙulli biyu ke nan. Na uku kuwa nawa ne ni kaɗai, ba na al'ada ba: duk lokacin da sunan ya taso mini a maƙogwaro, sai in tuna ina dariya a kan karta ranar da ake haƙa kabarinsa.

Yanzu maganar Lyon. Kana da shekara goma sha biyu ko kusa da haka, ba lalle ka gane abin da ake yi ba, bari in warware maka.

Ƙofar Tsohuwa a samanta take, zagayayya kamar bakin rijiya, da murfin ƙarfe mai nauyi. Kafin a nutse, akwai wani babba a cikinmu, ƙasa da hafsoshi amma sama da mu, muna ce masa Patron, shi ke tabbatar da kowa ya shigo kafin a ja murfin. Ba a rufewa da mutum a waje. Da aka ajiye jirgin, muka watse kowa ya kama gabansa, sai muka riƙa haɗuwa shekara-shekara, bana a garin wannan, baɗi a garin wancan, kuma muka mayar da wannan doka al'adar taronmu. Kafin a zauna cin abinci, ƙofar zauren tana buɗe, Patron zai kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da cewa yana ciki. Wanda ya mutu, matarsa ko abokin da suka raba gadon kwana a jirgi ya amsa masa. Wanda yake raye bai zo ba, ɗansa ko 'yarsa kaɗai ke iya amsa masa, kuma sai ɗan da uban ya taɓa gabatarwa da bakinsa. In an gama aka ga kowa ya amsu, sai a busa ƙahon nutsewa, a rufe ƙofa, a ci abinci.

A waccan shekarar taron ya faɗo Lyon, ni ne mai masauki. Uwarka ta goge maka farar riga, muka shiga metro, jirgin ƙasan nan da ke bi ta rami, kana ta tambayata ko akwai taga a Tsohuwa, ko na taɓa ganin kifin da ya fi mota. Wallahi ranar ji nake kamar in ɗaga ka sama kowa ya gani. Waɗanda suka zo da 'ya'yansu suka riƙa tashi, kowa ya ɗora hannu a kafaɗar ɗansa ya faɗi sunansa, jama'a su maimaita. Aka zo kaina. Zinder suke kirana, da sunan garinmu yadda Turawa ke faɗarsa. Na tashi, na ɗora hannu a kafaɗarka, na ji yadda ka miƙe kamar soja. Na buɗe baki, sai na ji harshena ya yi nauyi. Na ce, "Yarona ne, babban."

Patron ya jira. Sa'an nan ya ce sunansa fa? Na ce su tambaye ka, ai kana da baki. Ya ce doka ta ce daga bakin uba. Wani daga ƙarshen teburi ya ce Zinder ya manta sunan ɗansa, aka kwashe da dariya, ba da mugunta ba, irin dariyar da muka saba yi wa juna. Abokina Loïc ya yi maza ya ta da waƙa don ya rufa mini asiri. Kai kuwa a hankali ka zame kafaɗarka daga ƙarƙashin hannuna. Har yau tafin hannuna bai manta da wannan zamewar ba. A hanyar komawa ka juya fuska ga taga, a cikin rami inda ba abin kallo sai duhu. Na saya maka alewa a bakin tasha, ka sa a aljihu, uwarka ta tsince ta a wanki.

Da na zaunar da kai a ranar na yi maka bayani, da ba mu kawo yau ba. Ban yi ba, na ce yaro ne zai manta.

Ba ina zagin al'adarmu ba ne, ka fahimce ni. A Damagaram, in uba bai kama sunan ɗansa na fari ba, unguwa gaba ɗaya tana kama masa. Kakanni suna yi wa yaron kirari, gwaggwanni suna tsokanar uban a gabansa, har yaron ya gane cewa wannan kawar da kai girma ne aka ba shi wanda ƙannensa ba su samu ba. Ni na ɗauko al'adar na hau da ita bene a Vaulx-en-Velin, na baro mutanen da ke fassara ta. Kai abin da ka gani kawai shi ne uban kowa yana kiran ɗansa a bakin makaranta, naka yana ɗaga hannu kamar mai tsayar da bas. In Allah Ya ba ka naka 'ya'yan, ka riƙe abin da ka ga dama na gida, zan ji daɗi in ka riƙe da yawa. Amma duk abin da za ka yi wa yaro don ƙauna, ka tabbata ya san ƙauna ce. In babu mai gaya masa, kai ka gaya masa.

Kuskuren bai tsaya nan ba, don wanda ya yi tuntuɓe bai tsaya ya duba ba, gaba ma zai sake. Bayan Lyon na daina zuwa taron. Takardar gayyata ta zo, in ajiye. Na ce wa uwarka zama a teburin da ake shan giya bai dace da mai furfura ba, na faɗa wa mutanen masallaci haka, suka yaba mini. Ƙarya nake yi. Shekara nawa na yi ina zama a teburin nan da kofin ruwana, ba wanda ya taɓa matsa mini? Kunyar haɗa ido da Patron ce ta hana ni, sai na ɗauko addini na lulluɓa.

Bari in gaya maka ko wane ne Loïc, don ka san wanda na juya wa baya. Ɗan masunta ne daga bakin tekun yamma, ja kamar gauta, ga surutu. A Tsohuwa gadaje ba su isa ba, mutum biyu ke raba ɗaya, in wannan ya tashi aiki wancan ya kwanta. Ni da shi muka raba. Shekaru ina kwanciya cikin ɗumin jikinsa da warin tabarsa, shi kuma cikin warin man injina. A can ƙasa ba rana ba wata, jar fitila kawai ake kunnawa ka san dare ya yi a duniya. Loïc ne ke zuwa wajen masu lura da hanya ya tambayo mini inda jirgi ya sa gaba, ya dawo ya nuna mini gabas da haɓa, sa'an nan ya tsaya a lungun ya tare hanya kada a taka ni ina sujada. Kafin in sallame wataƙila jirgin ya juya, ya ce wannan kuma tsakanina da Ubangijina ne, shi dai ya yi nasa. Da azumi yakan ɓoye mini kwanona a bayan bututu mai zafi. Mutumin da ko cocinsu ba ya zuwa.

Ya yi ta kirana a waya bayan Lyon, ina gajarta masa magana yadda nake gajarta maka. Rannan sai matarsa ta kira ta ce ya rasu. Na yi mata ta'aziyya, can ta ce akwai abin da Loïc ya hana a gaya mini, amma yanzu ba ya nan balle ya hana. Ta ce, "Duk shekarun da ba ka zo ba, ƙofa a buɗe suka ci abinci. Kana raye, ba wanda zai amsa maka, Patron ya ce ba a rufewa da mutum a waje. Wata shekara har ƙanƙara ke shigowa, suka ci da manyan riguna a jikinsu."

Na ajiye wayar na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ku ji ni. Tsofaffi masu ciwon gwiwa da ciwon ƙirji suna cin abinci cikin sanyi saboda ni, ni kuwa ina nan ina karɓar yabo a masallaci. Shekarar da ta biyo na koma. Ba wanda ya tambaye ni inda na shiga. Patron ya kira Zinder, na amsa, ya kira Loïc, na amsa masa a matsayin abokin gadonsa, aka rufe ƙofa, wani ya ce yau dai miya za ta kai ciki da zafinta.

Abin da nake so ka ɗauka a nan, zumunta a ƙafa take, kuma ba da wanda kuka haɗa harshe ko alƙibla kaɗai ake yin ta ba. A Paris za ka zauna da mutane iri-iri. Ka riƙe sallarka, ka riƙe kofin ruwanka, ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba, ba kuma sai ka ɓoye ba. Amma ranar da ka ji ba ka son zuwa wani wuri, ka tambayi kanka tsakani da Allah, don Allah ne ko don ka ɓata da wani kana jin nauyin haɗuwa da shi. In na biyun ne, ka sa takalmi ka tafi tun mutumin yana da rai.

Sauran ƙananan abubuwa uwarka ta riga ta cika maka kunne da su, amma ni ma sai na faɗa ko hankalina ya kwanta. Kawunka a kasuwar Rungis yake kwana yana sauke kaya, da rana yake barci, saboda haka ka koyi tafiya ba takalmi a gidansa, ka ga ta nan shirun da ka gada zai yi amfani. Kada ka zama baƙon da sai an ce ya wanke kwano. Ka sa rigar sanyin nan mai nauyi ko da ba ta yi maka kyau ba, na ga ka tura ta ƙasan jaka. Yarinyar nan kuma da kake fita baranda in ta kira, wadda kake zaton ba mu sani ba, in da gaske kake ka kawo maganarta gida, in ba da gaske ba ne ka sake ta tun da wuri, 'yar mutane ce. Kuma a kan layin metro da ke kai ka cikin gari, akwai wani fili da aka ɗora tsohon jirgin ƙarƙashin ruwa a kan tudu, mutane suna shiga kallo. Ba Tsohuwa ba ce, amma danginta ce. Wata Lahadi ka shiga, ka tsaya wajen gadajen, ka ga faɗin inda ubanka ya kwana. Tambayoyin da ka yi mini a metro ban amsa da kyau ba, wataƙila ka sami amsar wasu a can.

Ita Tsohuwa tamu ba ta sami wannan gata ba. Ta daɗe a ɗaure a wani lungun tashar ruwa tana tsatsa, muna ta rubuce-rubuce da roƙo a bar mana ita a mayar gidan kallo, abin bai yiwu ba. An yanka ta. Na ga hoton, ban iya gama kallo ba. Abin da muka ceto shi ne murfin ƙofar da ƙahon nutsewa. An samo musu wuri a wani ƙaramin zaure a gefen Paris, za a kafa murfin a bango, a rubuta sunayen duk waɗanda suka taɓa bi ta ƙarƙashinsa. Taron bana can za a yi, ranar Asabar ta ƙarshen wata, kuma kowa ya san da wuya a sake tara mu da yawa haka, don kowace shekara masu amsa wa wasu suna ƙaruwa. Ni kuwa a makon taron ne za a shiga da ni ɗakin aiki a nan Lyon. Na roƙi likita ya ɗaga, ya ce zuciyar ba ta san da taro ba.

Ka ga inda maganar ta nufa. In ban je ba, ba mai amsa mini, ba mai amsa wa Loïc, don matarsa ma ƙafa ta ƙi. Ranar da za a kafa murfin Tsohuwa, a ce an ci abinci ƙofa a buɗe saboda Zinder, karo na biyu. Kai kaɗai ne a Paris, kai ne kuma ban gabatar ba.

Shekaranjiya da hantsi na kira Patron. Ina tsaye a kicin, a daidai inda ka tsaya ranar, uwarka tana soya albasa. Na gaya masa halin da ake ciki, na ce ko zai yarda in aiko da sunan ɗana a rubuce. Tsohon nan ya haura tamanin amma kansa na nan kamar dutse. Ya ce, "Daga bakin uba, Zinder. Tun Lyon nake jira."

Na juya wa uwarka baya, na runtse ido, na faɗa a hankali. Ashe kunnen Patron ya mutu, injin Tsohuwa ya cinye shi kamar yadda ya ci rabin nawa. Ya ce bai ji ba. Na ƙara faɗa. Ya ce in daina magana kamar ana farautarmu, in buɗe murya. Sai na buɗe, irin muryar da nake yi a ɗakin inji, har na tabbata maƙwabtanmu na sama da na ƙasa sun ji. Ludayi ya faɗi daga hannun uwarka. Hadiza ta fito da gudu daga ɗakinka tana zaton ka dawo. Patron ya maimaita sunan daga can, ya karya shi irin na Turawa, ya ce an shigar.

Da na ajiye wayar uwarka ta daɗe tana kallona, albasa na ƙonewa. Ta ce, "Malam, Baba ka kira ko ɗanka?" Na ce mata duka biyun, kuma ga shi rufin bai faɗo ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Hadiza za ta turo maka kwatancen wurin a salula. Ka je da wuri, ka sa rigar sanyin. Za ka ga tsofaffi masu manyan tumbi suna rungumar juna suna ƙarya a kan zurfin da suka taɓa kaiwa, kada su ba ka tsoro. In Patron ya kira Zinder, ka ce yana ciki. In ya kira Loïc, ka sake faɗa, ka gaji gadon nan ta wajena. Bayan haka zai kira naka sunan, wannan kai ka san amsarsa. Ko aikin likita ya yi kyau ko Allah Ya ƙaddara wani abu, amsar ba ta canzawa, a taronmu matattu ma suna ciki. In kuma zuciyarka ba ta ba ka ka je ba, ba zan riƙe ka ba ko a duniya ko a lahira, ni na jawo. Sai dai ina jin tsoron sanyin ƙarshen watan nan a kan ƙirjin Patron, kuma na san shi, ba zai rufe ba.

Ban iya faɗa maka a tasha ba, ga shi a nan: ban taɓa jin nauyin nuna ka ga kowa ba. Ranar Lyon, a duk zauren nan ba uban da ya kai ni alfahari. Ka yafe mini.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka fi ƙarfin abin da kake tsoro, Ya haɗa ka da abokan zama irin Loïc, waɗanda za su tare maka hanya kana sujada. Allah Ya jiƙan wanda ka ci sunansa. In da rabon mu gana, Allah Ya nuna mana ranar, in kira ka a gaban kowa ka amsa. Allah Ya yi maka albarka, Zakari.

Na rubuta, na kuma karanta a bayyane kafin in naɗe takardar. Zakari, ɗana.

Wassalam.

Mahaifinka,
wanda 'yan jirgi ke kira Zinder